Riƙe kuɗinka sai ka iso Italiya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Barka da samun gurbi a makarantar kiɗa a Milan, Allah ya sanya albarka. Ka ce ka ga wani biyolin, wato gogen Turawa, a intanet da sunan Stradivarius manne a cikinsa, mai shi na neman yuro 900, kana so ka tura kuɗin tun kana Jos don ka sauka da kayan aikinka a hannu. Kada ka tura ko sisi.

Antonio Stradivari, shahararren mai ƙera biyolin da ake kiran aikinsa Stradivarius, ya rasu a garin Kiremona na Italiya a 1737. Kayan kiɗan da suka rage daga hannunsa wajen 650 ne, kuma masana sun san su ɗaya bayan ɗaya. A 2011 an sayar da guda a kan fam miliyan 9.8. Takardar sunan da ka gani manne a ciki kuwa, masana'antun Markneukirchen a Jamus da na Mirecourt a Faransa sun yi ta manna irinta a dubban biyolin tun ƙarni na 19, don nuna fasalin da suka kwaikwaya. A cikinsu akwai masu daɗin murya, akwai kwandon shara, kuma hoto ba zai faɗa maka wanne ne wannan ba.

Daga Milan zuwa Kiremona tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa. Ƙaramin gari ne, amma shagunan masu sassaƙa biyolin sun haura ɗari, ga makarantar koyon sana'ar da aka buɗe tun 1938. Kana shiga shago ƙamshin katako da na manne za su tarbe ka. Za ka ga maigidan ya ɗaga fallen katakon fuska, wanda galibi daga dazukan Val di Fiemme a arewacin Italiya ake yanko shi, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa kusa da kunne, ya kankare kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. Guda ɗaya kan cinye masa wata biyu. Shi ya sa aikin gwani yakan kai yuro dubu goma ko fiye, kuma ni ban ga tsadarsa ba, sai dai ba na ɗan shekarar farko ba ne. Nemi waɗanda ba su daɗe da gama makarantar ba, hannunsu na da kyau, farashinsu da sauƙi. Ko ka yi haya tukuna.

Ka yi hattara da abu ɗaya. Wasu na shigo da gangar biyolin da aka haɗa a masana'antar Sin, su shafa mata fenti a nan, su sayar da sunan aikin hannu. Na Sin ɗin ba laifi gare shi ba, kuɗin ne ba nasa ba. Ka nemi takardar shaida mai hotuna da sa hannun wanda ya ƙera. Ka roƙi a ba ka shi gwaji na mako guda, ka kai shi babban zaure, wani ya goga kai kana sauraro daga can baya. Ka ji shawarar malaminka, amma ka sani wasu malaman suna da la'ada a wurin dillalai.

Sai baka, wato abin goga biyolin ɗin, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba. Ware masa kasonsa tun yanzu. Nauyinsa bai wuce giram 60 da ɗan wani abu ba, amma shi ne ke fitar da muryar. Tun zamanin François Tourte, gwanin ƙera baka na Faris, itacen pernambuco na Brazil ake so, kuma tun 2007 yana cikin jerin itatuwan da aka sa wa ido a yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa. Tsohon baka mai hauren giwa a kai ko ƙoƙon kunkuru a mariƙi zai iya sa kwastan su tsare ka. Bakan da aka yi da zaren kabon maimakon itace ya ishi ɗalibi. Izgar dokin dai canza ta ake yi in ta gaji.

In za ka je gida hutun Disamba, ka tuna da hunturu. Mannen fatar dabba ne ke riƙe da biyolin, iska busasshiya kan ɓalle shi, wani lokaci har fuskar ta tsage. Sa abin riƙe danshi a akwatin, kuma ka shiga jirgi da shi a hannu, kada ka bari a jefa shi cikin kaya.

Taho da tsohon naka. Wajen ƙarshen Satumba ake baje kolin kayan kiɗa na Mondomusica a Kiremona, sai mu je tare ka gwada iya son ranka. Ka gaida Mama.