Amsa ga mai tambaya kan filin Glefe

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin fili da araha a Glefe, bayan Dansoman a Accra, kana so ka san ko teku na cin wurin kafin ka biya. Ni magini ne, na daɗe ina aiki a gefen nan.

Zuwa ɗaya ba ya nuna komai. Mai fili zai kai ka ranar da ruwa ya janye, ka ga rairayi shimfiɗe, ranka ya yi fari. Ka koma kai kaɗai ranar ɗaya ko sha huɗu ga watan Musulunci, lokacin da ruwa ke cika sosai, in son samu ne da damina. Ka duba inda teku ya zubar da leda da robobi, nan ne iyakarsa ta jiya. Ka auna daga nan zuwa wani abu da ba ya motsi, kamar turken wuta, ka rubuta, bayan 'yan watanni ka sake aunawa.

Malaman Jami'ar Ghana da ke Legon ma aikin da suke yi ke nan, sai dai su da hotunan tauraron ɗan'adam da ƙananan jirage marasa matuƙi. Farfesa Kwasi Appeaning Addo da jama'arsa sun bi Fuveme, kusa da bakin kogin Volta, suna ɗaukar hoto yayin da teku ke cinye ƙauyen. Kai ma ka sa yaro ya buɗe maka Google Earth a kwamfuta, akwai tsoffin hotunan Glefe, ka gwada da na bana.

Kada duwatsun da aka jibge don tare teku su ruɗe ka. A gaɓar Ghana igiyar ruwa tana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas, don haka in aka tare shi a wuri guda, na gabas da ƙarshen duwatsun ne ke shan wahala. Tun da aka gama madatsar Akosombo a kan kogin Volta a 1965 rairayin da Volta ke kawowa ya ragu, mutanen Keta, garin da ke gabas da bakin kogin, sun ga sakamakon. Ga kuma masu ɗibar yashi da dare, duk da an hana.

Abin da na fi jin tsoro a matsayina na magini shi ne gishiri. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar maƙwabta. Ka kai farce jikin bulo na ƙasa, in yana zuba kamar gari, to ka sani. Na fasa ginshiƙin wani gida a can, rodin ciki ya kumbura da tsatsa har ya tsaga kankare, alhali daga waje fenti fes. Sannan Glefe tana tsakanin teku da tafki, ruwa na iya zuwa ta baya ma.

Ka je ranar Talata, masunta ba sa fita, ka samu dattijo ka tambaye shi inda suke jan kwale-kwale yana saurayi. In ya nuna maka cikin ruwa, ni dai da kuɗina ne, Kasoa ko Amasaman zan nufa, inda ba bakin teku ba ne.