Tambaya da Amsa: Gyaɗa Ɗaya a Hancin Yaro, Me Ya Sa Kuɗin Cirewa Ya Bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 3 ya cusa ƙwayar gyaɗa a hanci, ba mu ankara ba sai da majina mai wari ta fara fita ta kafa ɗaya. A asibiti aka ce sai an shiga da shi tiyata. Ɗan maƙwabciyata kuwa dutsen ado aka cire masa yana kan cinyarta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Namu ya ninka nata sau da yawa. Ba cuta ba ce wannan? *Wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya. Asibiti ba ya lissafi da girman abin da ya fito, da hanyar da aka bi aka fito da shi yake yi.

Dutsen ado ba ya canza kama. Idan yana bakin kafa kuma yaro ya tsaya, likita zai zura ƙaramar ƙugiya ta bayansa ya jawo shi gaba. Ba a cika kama abu mai santsi da hantsaki ba, don suɓucewa yake yi ya ƙara nutsawa. Wani lokaci ma uwa ake sa wa ta toshe lafiyayyar kafar da yatsa, ta haɗa baki da na yaron ta hura iska sau ɗaya da ƙarfi, abin ya faɗo. Gyaɗa, wake da masara kuwa suna shan danshi su kumbura. Man gyaɗa yana sa fatar cikin hanci ta tashi, bayan kwanaki ƙwayar ta yi laushi tana farfashewa in an taɓa. Ga yaro yana fizge-fizge, ga tsoron kada ɓarin ya zame ta baya ya faɗa hanyar numfashi. Shi ya sa ake sa shi barci gaba ɗaya, a tsare maƙogwaro, sannan a cire.

Da zarar an ce tiyata, kuɗin ya rabu gida-gida: aikin cirewar, aikin mai ba da maganin barci, ɗakin tiyata, magunguna da kayan da ake yarwa bayan amfani, gwajin jini, da gado idan an kwana. Ki nemi rasit mai nuna kowanne daban. Abin da za ki duba shi ne kada a caje ki cirewa sau biyu, wato yunƙurin da aka yi a ɗakin ganin likita bai yi nasara ba, da kuma na tiyata. Wannan kina da bakin tambaya a kai. Kuma don Allah a daina sa tsinken ashana ko na tsintsiya a gida. Sau da yawa shi ke mayar da aikin minti biyar ya zama na tiyata.

Tambaya: Ina aikin tura takardun neman biya a wani asibiti mai zaman kansa. Kamfanin inshora yana yawan dawo mana da na cire abu daga hanci. Wace lamba ce daidai? *Ma'aikacin lissafi, Daura*

Amsa: Malam, lamba iri biyu ce, kada ka cakuɗa su. Ta farko tana faɗin abin da ya sami majiyyaci. A kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, T17.1 ita ce baƙon abu a kafar hanci. T17.0 kuwa ta kogunan iska ce da ke cikin ƙasusuwan fuska, kuma nan mutane ke yawan zamewa, su rubuta ta ga yaron da soson katifa kawai ya cusa. Samfurin da Amurka ke amfani da shi yana tsawaita lambar zuwa T17.1XXA idan ana cikin jinyar farko. Lambar ba ta nuna dama ko hagu, saboda haka likita ya rubuta gefen da hannunsa.

Ta biyu tana faɗin aikin da aka yi. A kundin CPT na Ƙungiyar Likitocin Amurka hawa uku ne. 30300 cirewa ce a ɗakin ganin likita. 30310 ita ce wadda ta buƙaci a sa mutum barci gaba ɗaya. 30320 kuma sai an tsaga gefen hanci daga waje, abin da ba kasafai ake kai wa gare shi ba. A nan gida, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, da jadawalin farashinsu suke biya, don haka sunan aikin da ke cikin jadawalin wanda zai biya ka shi za ka kwafa. Amfanin sanin hawa ukun shi ne ka gane dalilin da ake dawo da takarda.

Dalilin kuwa kusan kullum a fayil yake. Ka nemi kuɗin tiyata, amma babu takardar mai ba da maganin barci. Ko an yi wa yaro allurar kwantar da hankali kawai, ka sa shi a hawa na biyu, alhali wannan bai kai cikakken barci ba. Ko likita ya rubuta "an cire" ya yi shiru: bai faɗi ko mene ne ba, wace kafa, da wane kayan aiki, an yi haɓo ko ba a yi ba, an leƙa ɗaya kafar da kunnuwa ko ba a leƙa ba. Idan hurawar uwa ce ta fito da shi ba tare da an sa ƙarfe ba, masu tantancewa ganin likita suke ɗaukarsa, ba aikin cirewa ba. Leƙawa da na'urar haska cikin hanci don a kai ga abin ma cikin aikin take, ba a cajinta daban. Mu dai shawararmu, ka mayar wa likita fayil ya cika tun kafin ka tura. Ya fi sauƙi da bin bashi wata uku.

Sai lambar izini. Asibitin matakin farko kuɗin wata-wata yake karɓa bisa yawan mutanen da aka yi masa rajista. Aikin ƙwararren likitan kunne, hanci da maƙogwaro na mataki na biyu ne, ana biyansa aiki-aiki, kuma sai da takardar turawa da lambar izini daga HMO, wato kamfanin inshorar da ke biya wa majiyyacin. Ranar da ke kan izinin, sunan aikin da lambar katin majiyyaci dole su yi daidai da na takardarka, harafi da harafi.

Tambaya: Idan batirin agogo ne, mu jira lambar izinin? *Wani malamin makaranta, Katsina*

Amsa: A'a, Malam, ko kusa. Batirin nan mai kama da maɓalli yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i, har ya huda bangon da ya raba kafofin hanci biyu. Kada a ɗiga masa ruwan gishiri ko wani magani, danshi ƙara ƙunar yake yi. Kada kuma a ba yaron abinci a hanya, don mai yiwuwa a sa shi barci. A wuce kai tsaye sashen gaggawa na asibitin da ke da likitan hanci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa, kuma a umarnin NHIA na 2025 ana fara aiki ne, a nemi lambar cikin sa'o'i 48. Mai lissafi ya tabbata kalmar "batiri" da lokacin isowa suna cikin fayil, domin su ne hujjar cewa gaggawa ce.