Amsa ga mai son ɗinka lemar da za ta ja kwale-kwale a Lagdo

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya daga Lagdo, bakin tafkin dam ɗin nan na arewacin Kamaru, ka ce ka ga bidiyon Turawa tsaye kan allo, wata ƙatuwar lema tana jan su bisa ruwa. Kana son sanin wanda ya ƙirƙiro ta, da ko za a iya ɗinka irinta da tamfol ta ja kwale-kwale, a huta da kuɗin zuwa-zuwa, wato man fetur na bumburutu. Na ga wasu sun ɗauki maganar wasa. Ni ban ɗauke ta wasa ba, domin da irin tunaninka abin ya faro.

Ni tela ne, ɗan Garwa. Neman abinci ya kai ni Dakhla, bakin Tekun Atlantika, na yi shekara shida ina gyaran waɗannan lemomi a wani wurin koyar da wasan. Na farke su, na ɗinke su, tsofaffi da sababbi, har na gane abin da masu ƙera su suka daɗe suna nema. Kama iska ba shi ne wuya ba, ko yaro mai jirgin leda yana kama ta. Wuyar ita ce sakin ta a lokacin da ta fi ƙarfinka.

Jan kaya da lema tsohon abu ne. A 1826 wani malamin makaranta a Ingila, George Pocock, ya yi rajistar keken da lema ke ja maimakon doki. A 1903 Samuel Cody ya haye ruwan da ya raba Faransa da Ingila cikin ƙaramin jirgi, lema na jansa. Ka ga an riga ka gwada ta da jirgi. A 1977 wani mutumin Holan, Panhuise, ya karɓi takardar mallakar fasahar mutum tsaye kan allo lema na jansa, amma abin bai yi kasuwa ba. Matsalar dai ɗaya ce: lema ta faɗi ruwa ta jiƙe, shi ke nan, sai iyo.

Waɗanda suka warware wannan 'yan'uwa biyu ne Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, matuƙan jirgin ruwa. A 1984 suka yi rajistar lemar da ake hura wa iska. Dabarar ita ce, bakin lemar na gaba doguwar jaka ce, cikinta akwai roba mai laushi kamar tib ɗin taya, sannan wasu gajerun jakunkuna sun ratsa jikinta kamar haƙarƙari. In ka buga famfo sai ta miƙe ta yi baka. Ta faɗi ruwa ba ta nutsewa, ba ta naɗewa, ka ja igiya ɗaya ta mirgina ta tashi. Sun fi shekara goma suna fama kafin duniya ta waiwaye su, sai a 1997 lemarsu mai suna Wipika ta yaɗu. A Amurka kuma Bill Roeseler, injiniyan jirgin sama, da ɗansa Cory sun bi wata hanya: lema mai sanduna, da abin naɗe igiya a hannu. Tasu ta yi aiki, amma ta 'yan'uwan nan ce ta zama uwar yawancin waɗanda ake gani yau.

To amma lemar farko igiya biyu gare ta, ta dama da ta hagu. Kana iya juya ta, ba ka iya rage mata ƙarfi. Wannan a jikina na san shi. A shekarata ta biyu na tarar da wata tsohuwa mai igiya biyu an jefar a ɗakin ajiya, na gyara ta, na fita da ita kan yashi da yamma, na maƙala ta a ɗamara. Iska ta taso gaba ɗaya. Ban ankara ba ƙafata ta bar ƙasa, ta maka ni, ta ja ni kan ciki, kafaɗata ta goce. Allah ya sa wani ya riski lemar ya danne ta. Har yau in sanyin hunturu ya shigo kafaɗar tana tuna mini. Ka riƙe wannan lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take ja da shi huɗu yake ninkawa.

Shi ya sa aka koma igiya huɗu. Biyun gaba suna bi ta tsakiyar sandar da kake riƙewa su maƙale a ɗamararka, su ke ɗauke da nauyi. Biyun baya suna ɗaure a bakunan sandar. Ka jawo sanda, bayan lema ya sauko, ta cika da iska. Ka tura sanda, bayan ya saki, iska ta zube. A 2005 aka ƙara gaba da samfurin da Bruno Legaignoux ya zana, wanda kamfanonin Cabrinha da Takoon suka fitar: lemar ta fi shimfiɗuwa, an yi wa bakinta ƙananan igiyoyi masu rassa da ke ba ta damar kwantawa sosai. Wannan in ka saki sanda kusan duk ƙarfinta mutuwa yake. A ganina babu gyaran da ya ceci rayuka kamarsa, sai ko makullin gaggawa da ke kan ɗamara, wanda in ka tura shi lemar ta rabu da ƙarfinta nan take. Lemomin gasar Olamfik ta 2024 a Marsai ta Faransa wani iri ne daban, babu famfo, iska ce ke shiga aljihunansu ta cika su. Ba su shafe ka ba yanzu.

Mu dawo Lagdo. Tamfol ba zai yi ba, ya yi nauyi. Yadin lema murabba'in mita ɗaya bai wuce giram 50 da ɗoriya ba, kuma an saƙa shi da zare mai gida-gida don kada yagewa ta yi nisa. Igiyoyin sun kai mita 20 zuwa 25, sirara ne, in sun ɗaure suna yanka yatsa kamar reza. Ka tuna da taru da mamari da ke shimfiɗe a ruwan, da kututturan itatuwa, da dorina. Sannan kwale-kwalenmu ba shi da allon ƙasa da zai riƙe ruwa, don haka inda iska ta nufa can za ka, dawowa sai filafili ko inji. Iskarmu ma ba irin ta teku ba ce da ke busawa bai ɗaya; ta hunturu tana zuwa tana yankewa, ta gaban hadari kuwa kada ka kuskura ka ɗaga komai a cikinta.

Duk da haka ban ce ka bari ba. Ka fara da ƙarama, murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da yadin tsohuwar lemar ruwan sama ko na tanti mara nauyi. Ka koyi tuƙa ta a fili, nesa da wayar lantarki, sanda a hannu kawai. Kada ka ɗaura ta a jikinka, don Allah kada ka ɗaura. In ka kai ga jirgi, ku zama ku biyu, ɗaya da lema, ɗaya da filafili, da wuƙa kusa, igiyar kuma a ɗaure ta ƙasa-ƙasa da ƙullin da ke kwancewa da ja ɗaya, don in aka ɗaure sama jirgin kifewa zai yi.

Ina da guntayen yadin gaske da na taho da su, sun isa ƙaramar lema ɗaya. In ka shigo Garwa ka yi mini magana ta akwatin sirri, mu yanka ta tare, mu fita yashin Binuwai mu gwada ta da safe kafin iska ta yi ƙarfi.