Sau ɗaya na taɓa ɗaure haƙarƙari

Tun jiya kake bina da tambaya. Wai me ya sa tsohon nan da ya zame a bakin rijiya, wanda na ji karaya a haƙarƙarinsa da yatsana, ban sa masa kara ba, ban ɗaure shi ba, shi kuwa yaron da ya faɗo daga kan mangwaro na ce babu karaya amma na kora ubansa asibiti da shi. Har ka ce wa 'yan'uwanka tsufa ya fara taɓa Baba. Maganar ta dawo kunnena. Zauna, kuma ka ajiye wayar nan.

Ni da kake gani na taɓa ɗaure haƙarƙari, sau ɗaya, kuma fadamar mahaifina ce ta biya. A bazarar 1984 ne, shekarar da gwamnatin soja ta yi canjin kuɗi. Mahaifina bai cika shekara da rasuwa ba, ɗorin gidan nan ya dawo hannuna, ni kuma ina so gari ya san an bar magaji. Aka kawo mini wani dillalin shanu, mutum mai kamar shekara hamsin, bijimi ya matse shi da bango a kara. Na laluba, haƙarƙari uku a dama sun karye. Na faɗa masa abin da na ji mahaifina yana faɗa, cewa wannan ba a ɗaure shi. Sai ya dube ni a gaban jama'arsa ya ce, ashe ɗorin ya bi tsoho kabari. Ya ce shi ranar kasuwa ba ta wuce shi, in ɗaure shi tamau ya tashi, zai ba ni abin da ban taɓa riƙewa ba.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauko farin ƙyalle na naɗe masa ƙirji kamar ana ɗaurin kaya. Nan take ya ji sauƙi, ya yi ta sa mini albarka, ya ƙirgo kuɗi masu kauri ya danƙa mini. Sai da na kai su gari na gane tsofaffin takardu ne, kwanakin da aka bayar na canji sun ƙare. Shi ya sani sarai, mutumin da kullum yana cikin kasuwa! Ko sisi ban ci ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Kwana huɗu sai zazzaɓi ya rufe shi, majina ta cika masa ƙirji, tari ya ƙi fita. Aka kwashe shi zuwa asibiti, ya yi mako uku a kwance, namoniya ta kusa kai shi. Da ya tashi bai tuna shi ya matsa mini ba, sai ya kai ni ƙara gaban hakimi wai na nemi kashe shi. Waɗanda suka ji da kunnensu na ce ba a ɗaurewa, ko ɗaya bai buɗe baki ba, don duk a hannunsa suke ci. Aka ce in biya kuɗin magani da asarar kasuwarsa. Na sayar da fadama. Har yau in na bi hanyar kasuwa ina ganinta, jikokin wani ke noman albasa a ciki.

Wani tsohon malamin asibiti ne ya ja ni gefe a lokacin, ya ɗaga hoton ƙirjin mutumin a hasken taga ya nuna mini abin da hannuna ya sani amma kaina bai sani ba. Ƙafa in ka ɗaure ta, ta huta. Ƙirji kuwa yana buɗewa yana rufewa wajen sau dubu 20 a kwana ɗaya. Ka matse shi, huhu ba ya cika, majina ta kwanta a ƙasa ta ruɓe. Haƙarƙarin da ya karye kuma yana da karansa tun daga Allah, wato na samansa da na ƙasansa da naman da ke tsakani, su ke riƙe shi har ya haɗe cikin kamar mako shida. Shi ya sa tsohon jiya na ce a nema masa maganin rage zafi, ya riƙa jan numfashi mai zurfi, ya rungume matashi in zai yi tari, ya riƙa takawa. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya gajarta, ko ya tofar da jini, kada a biyo ta nan.

Shekara uku kana gidan nan, amma in na ce haƙarƙari nawa ne a jikinka sai ka tsaya lalube. Ku 'yan yanzu ɗaurin kawai kuke so ku iya, don shi ake gani a biya. To 24 ne, 12 a kowane gefe, mace da namiji duk ɗaya. Dukkansu daga ƙashin baya suka taso, amma ba ƙashi ne ya kai su gaba ba, guringuntsi ne. Bakwai na sama kowanne da nasa ya kama ƙashin ƙirji, uku na biye suka rataya a guringuntsin na samansu, biyun ƙarshe kuwa sake suke cikin nama. Ƙashin ƙirjin ma da kake ji kamar allo guda, a jikin yaro gutsattsari ne da guringuntsi a tsakani. Tsakiyarsa kaɗai gida huɗu ce, sai an balaga suke fara haɗewa daga ƙasa zuwa sama, ba sa gamawa sai wajen shekara 25. Ƙahon zuci shi ne na ƙarshe, yakan kai shekara 40 kafin ya ƙanƙare. Shi ya sa za ka ga magidanci ya rame bayan jinya, ya shafa ya ji wani abu mai tauri a ƙasan ƙirji, ya zo a firgice wai ƙari ne ya fito masa. Marasa tsoron Allah sai su yi masa sakiya su karɓi kuɗi a kan ƙashin da aka haife shi da shi.

Yanzu ka dubi yaron mangwaro, shekararsa tara. Ƙirjinsa ɗanyen reshe ne, yana lanƙwasa ya dawo. Bugun da zai karya tsoho, a jikin yaro sai ya wuce ciki ya samu huhu, ko hanta a dama, ko saifa a hagu, ƙashin kuma lafiya lau. Kai kana neman karaya, ni ina kallon leɓensa da ya yi fari, da yadda yake kare cikinsa ta hagu, yana kukan kafaɗar hagu alhali ba a kanta ya faɗi ba. Saifa in tana zubar da jini haka take yi. Wane kara zan sa wa wannan? Da na ce wa uban babu karaya na yi shiru, da gida zai kai shi ya kwanta.

Yadda ake bin haƙarƙari da yatsa ba zan tsaya koya maka ba, wanda ya taɓa cin awaza ya san wannan. Jibi tsohon zai dawo, kai za ka zauna kusa da shi ka ƙirga numfashinsa ka faɗa mini. Tashi ka ɗauko man shanu, mai targaɗen nan ya daɗe a zaure.