Hasken da ke tsiyayowa ta gefen sabuwar monita

Malam, kan tambayarka ta monitar gyaran hoto da ka siyo kana ganin haske na ɓullowa ta kusurwa in ka sa baƙin hoto, nima abin ya taɓa damuna sosai. Fara gwada wannan tukuna, ka ja baya kamar taku biyu ka ɗan karkata kanka hagu da dama. In hasken yana motsi yana canza wuri to ƙyallin IPS ne (IPS wani nau'in sikirin ne), kusan duk sikirin irin wannan yana da shi. In kuwa ya tsaya cak a gefe ɗaya, firam ne ya matse gilashin, hasken fitilar da ke cikin monitar a bayan gilashin ke leƙowa.

Kuma don Allah kar ka yarda da hoton sikirin da aka ɗauka da waya, kyamara tana ƙara abin a duhu. Yawancin monitoci suna zuwa da haske a ƙure, ka rage shi zuwa wajen 120 nit (ma'aunin ƙarfin hasken sikirin ke nan), ka kunna ƙaramar fitila bayan monitar, wallahi za ka ga bambanci. In duk da haka yana ɓata maka inuwa a hotunan dare, kar ka kwance ko sukuru ɗaya, garanti zai iya tashi. Mayar wa waɗanda suka sayar maka tun kwanakin canji ba su ƙare ba.