Ƙwayar da ake sanyawa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe

Tambaya: Likita, mun kai mahaifina sashen gaggawa da matsanancin ciwon ƙirji. Kafin a sa masa wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin harshe, sai da aka yi masa awon hawan jini, aka kuma tambaye shi ko ya sha maganin ƙarfin maza. Wane magani ne wannan, kuma me ya kawo wannan tambaya?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sunan ƙwayar naitirogilisarin, tsohon magani ne da likita William Murrell ya bayyana amfaninsa ga ciwon ƙirji a Landan tun 1879. Aikinsa sassauta jijiyoyin jini, musamman masu mayar da jini zuwa zuciya, domin idan suka saki sai nauyin da ke kan zuciya ya ragu, buƙatarta ta iskar oksijin ta yi ƙasa, ciwon ya lafa cikin 'yan mintuna. Ba a haɗiye shi, saboda hanta za ta lalata mafi yawansa kafin ya yi aiki. Ana ba da kimanin miligiram 0.4, a maimaita bayan minti 5, ba a wuce sau 3.

Tambayar da aka yi wa Baba tana da nauyi, amma ina yaba wa wanda ya yi ta. Magungunan ƙarfin maza irin su Viagra da Cialis su ma buɗe jijiyoyi suke yi, kuma idan suka haɗu da naitirogilisarin jini yana iya faɗuwa warwas har mutum ya suma ko ya rasa ransa. Shi ya sa ake jiran awa 24 bayan Viagra, awa 48 bayan Cialis, kafin a ba da naitirogilisarin. Abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha da kasuwa da sunan maganin gargajiya, waɗanda akan cusa wa wasunsu sinadarin Viagra ba tare da mai sha ya sani ba. Idan kunyar 'ya'ya za ta hana dattijo faɗin gaskiya, ku fita ku bar shi da likita.

Haka nan ba a bayar da naitirogilisarin idan lambar sama ta awon jini ta gaza 90, ko gwajin zuciya ya nuna ɓangaren dama na zuciyar ne ya taɓu.

Ku sani cewa maganin ba ya narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya. Idan an sallami Baba da shi, ya riƙa sa shi a zaune saboda jiri, kuma idan ciwon bai sassauta ba minti 5 bayan ƙwayar farko, ku garzaya da shi asibiti nan take.