Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa na alfarma: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa ajiye aiki, kuma na daɗe ina tara kuɗi don ni da maiɗakina mu yi tafiya guda mai kyau a irin jiragen ruwan nan na shaƙatawa. Ba mu taɓa shiga jirgin ruwa ba, ita kuma ko a mota takan yi jiri. Tallace-tallace sun yi mini yawa, kowa na cewa nasa ne na alfarma, kuma wai komai na cikin kuɗin. Wani ejan ya matsa mini in ba da kafin alƙalami cikin mako guda, wai kafin ragin ya ƙare. Ta ina zan fara, ganin cewa sai mun yi doguwar tafiya a jirgin sama kafin mu kai tashar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa ka ajiye aiki lafiya, ya sa a yi tafiyar nan cikin daɗin rai. Kada ka biya komai a makon nan. Ragi a wannan harka ba ya yankewa, in wannan ya wuce wani na tafe, amma kafin alƙalamin da ke zuwa tare da ragi sau da yawa ba a mayar da shi. Riƙe kuɗinka har sai ka san inda za ku, da watan da za ku, da kuma ko fasfonku zai shigar da ku kowace ƙasa da jirgin zai tsaya. Shi jirgin da talla ke nunawa, daga baya ake zaɓarsa.

Kowane teku da lokacinsa. Ana yawon Bahar Rum daga Afrilu zuwa Oktoba, sai dai Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, shi ya sa na fi so wa manya watan Mayu ko ƙarshen Satumba. Alaska daga Mayu ne zuwa Satumba, haka ma mashigan ruwan Norwe. Karebiya ta fi daɗi daga Disamba zuwa Afrilu, domin daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar Tekun Atlantika ne, kuma arahar da kake gani a watannin nan ba banza ba. Antaktika daga Nuwamba zuwa Maris ake zuwa, galibi daga garin Ushuwaya na Ajantina, amma sai an yi kusan kwana biyu ana ƙetare mashigin Direk, ɗaya daga cikin ruwaye mafiya tashi a duniya. Ga wadda mota ke sa wa jiri, wannan ba tafiyar farko ba ce. Haka zagayen duniya da ke farawa a Janairu ya shafe kwana 100 ko fiye: ku ɗanɗana kwana bakwai zuwa goma tukuna.

Yanzu ga inda tafiye-tafiye da yawa ke lalacewa tun ba a ga ruwa ba, wato biza. Jirgin sama ƙasa guda yake kai ka, jirgin ruwa kuwa yana iya taɓa ƙasa huɗu ko biyar a mako. Ma'aikatan tashar za su duba fasfonka a kan dukkan jerin ƙasashen, in takarda guda ta gaza su hana ka hawa, kuma kamfani ba zai mayar da ko sisi ba, don a sharuɗɗansu nauyin biza a kan fasinja yake. Cewa ba ka da niyyar sauka a wannan tashar yawanci ba ya fisshe ka. Da zarar jirgi ya shiga ruwan ƙasa ya ɗaure a tasharta, an ɗauka ka shiga.

Ɗauki tafiyar da ke tashi daga Atina, ta leƙa gabar Turkiyya, ta dawo tsibiran Girka. Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai 29 da ake shiga da biza guda, Turkiyya ba ta ciki. Mai bizar Shengen ta shiga sau ɗaya ya cinye ta ranar da jirgi ya nufi Turkiyya, don haka mai shiga da yawa ake nema, sannan a bincika abin da Turkiyya ke buƙata daga fasfonka. Haka lamarin yake in jirgin zai tsaya a Kotor ta Montenegro tsakanin Kuroshiya da Girka. Wanda zai tashi daga Sawthamton zuwa Norwe yana buƙatar izinin Birtaniya daban, na Shengen daban. Alaska ma tana da nata tarkon. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa jirgin da ke da rajistar wata ƙasa ba ya zagayawa daga tashar Amurka ya dawo ba tare da ya tsaya a ƙasar waje ba, shi ya sa jiragen da ke tashi daga Siyatil suke yada zango na 'yan sa'o'i a Biktoriya ta Kanada. In fasfonka na cikin waɗanda Kanada ke neman biza a kansu, sai ka mallake ta saboda 'yan sa'o'in nan. Kada kuma ka manta da filin jirgin saman da za ku canja jirgi, wasu ƙasashen na neman bizar wucewa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, katin rigakafin cutar shawara kuma ya kasance a hannu in hanyar ta bi ta inda ake tambayarsa.

Za ka ce, to yaya ke nan, ofishin jakadanci na son shaidar an kama mini wuri, ni kuma ba na son biya kafin in samu biza? Akwai mafita. Kamfanoni na karɓar kafin alƙalami ne da fari, cikon kuɗin kuma sai kimanin kwana 90 zuwa 120 kafin tashi, wani lokacin fiye da haka in tafiyar doguwa ce. Bizar Shengen ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kuma bisa ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, ko da yake yakan kai 45. To ka zaɓi farashin da ake mayar da kafin alƙalaminsa, ko da ya ɗan fi tsada, ka nemi biza da zarar ƙofa ta buɗe, ka samu amsa kafin ranar cika kuɗi. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a fara shiri tun saura wata tara ko shekara.

Sai batun alfarma. Babban jirgi da jirgin alfarma abu biyu ne daban, kuma talla na cakuɗa su da gangan. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600 da ma'aikata sama da 2,300. Gari ne guda a kan ruwa, kuma ya dace da mai yara da jikoki. Jiragen kamfanonin alfarma irin su Silversea da Seabourn da Regent Seven Seas kuwa ba su kai fasinja dubu ba, kuma za ka tarar da kimanin ma'aikata biyu ga kowane fasinja uku. Abin da kuɗinka ke saya ke nan: ba layi, ba hayaniya, ɗaki mai faɗi, da ma'aikacin da ya riƙe sunanka tun kwana na biyu. Ƙaramin jirgi kuma yana shiga inda babba ba ya shiga. Tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta tsakiyar Benis. Kamfanin Viking ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, in natsuwa kuke nema. Jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard kuma yana ƙetare Atlantika daga Sawthamton zuwa Niyok cikin dare bakwai ba tsayawa, abin sha'awa ne ga mai son teku don kansa, amma ban ba ku shawararsa a karon farko ba.

Maganar “komai na ciki” kuwa, ka sa ejan ya rubuta maka abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Tukwicin ma'aikata, wanda manyan jirage ke ƙarawa a kan kowane mutum kowace rana, yana ciki? Intanet fa? Yawon gari in an sauka, da motar ɗauko ku daga filin jirgi, da harajin tasha? Regent yana sa yawancin yawon gari a cikin farashi, wasu ba sa sawa. Wani ɓangare mai kauri na irin wannan farashi kuɗin giya ne, don haka wanda ba ya sha yana iya samun jirgi mai daraja ɗaya da sauƙi a inda ba a cusa ta cikin lissafi ba.

Ka karanta jadawalin tafiyar da idon basira, sa'o'in tsayawa za ka duba ba sunayen birane ba. In aka rubuta birnin Rum na Italiya, jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin. Fulorens daga tashar Liborno ake zuwanta, tafiyar sama da awa guda. A tsibirin Santorini na Girka jirgi ba ya ɗaurewa a gaɓa, da ƙananan jiragen ruwa ake fitar da mutane, in iska ta tashi kyaftin na iya soke tsayawar gaba ɗaya. Kamfani ma yana da ikon canja hanya, kamar yadda da yawa suka kauce wa Bahar Maliya bayan hare-haren da aka fara kai wa jirage a ƙarshen 2023. Saboda haka kada ka sayi tafiya don tasha guda kaɗai. Kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Yana jiran motar yawon da kamfanin ya shirya ne kawai. A tashar da gari ke nesa, ku bi tasu.

Uwargida kada ta karaya. Jiragen yanzu suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, amma wurin ɗaki ya fi komai tasiri. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, mai baranda don ta samu iska ta kuma riƙa hango inda ruwa ya haɗu da sama. Ɗakunan can sama sukan fi tsada, amma su da na goshin jirgi ne suka fi girgiza. Ka guji farashin da kamfani ne zai zaɓa muku ɗaki, ka kuma duba taswirar jirgin kada ku kwana ƙarƙashin wurin rawa ko madafa. Ta ga likita kafin tafiya ya rubuta mata maganin jiri da ya dace da sauran magungunanta, domin wasu na sa barci, wasu ba su dace da mai hawan jinin ido ba, kuma ana shansu ne kafin jirin ya fara. Da ni ne, tafiyar dare bakwai zan zaɓa muku tsakanin tsibiran Girka ko gabar Adriyatik a watan Mayu, inda kusan kullum ana wayar gari a tasha.

Jirgin sama kuma, doka guda ce ba na sassautawa a kanta: kada ku sauka a birnin tashar ranar da jirgin ruwa zai tashi. Ku isa da kwana biyu in tafiyar doguwa ce. Jinkirin sa'a huɗu a filin canja jirgi ya isa ya raba ku da tafiyar da aka shekara ana tanadi, bin jirgin zuwa tasha ta gaba kuma daga aljihunku ne, wani lokacin ma doka ba ta yarda ba. Kwanakin nan biyu suna ba akwatin da ya ɓata damar iso ku, suna kuma ba jiki damar daidaita barci. Jiki kan ɗauki kusan kwana guda kafin ya saba da kowace sa'a ta bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wahala. Ku sayi tikiti guda daga farko har ƙarshe, domin in tikiti biyu ne daban jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa. Ranar dawowa kada ku kama jirgin safe, fita daga jirgin ruwa da binciken shige da fice na cin lokaci. In kuɗi ba zai kai ga duka biyu ba, na fi son ka rage darajar ɗakin jirgin ruwa ka sayi kujerar da ake miƙe ƙafa a doguwar tafiyar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa zaman sama da sa'a huɗu wuri guda na ninka haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka ku riƙa tashi kuna takawa, kuna shan ruwa.

Inshora ka saye ta a makon da ka ba da kafin alƙalami, saboda wasu kamfanonin sai a wannan lokacin suke yarda su rufe ciwon da mutum ke da shi tun da. Wadda ake nema don bizar Shengen, mai rufe aƙalla Yuro 30,000, ta cika sharaɗin biza ne kawai. Ka nemi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ta rufe soke tafiya, da rasa jirgi, da ɗauke mara lafiya daga teku zuwa asibiti. Likitan jirgi kuɗi yake karɓa ko a jirgin da ya fi kowane tsada, kuma ba kowane magani yake ajiyewa ba. Magungunanku na yau da kullum su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita, da ƙarin na mako guda a kan kwanakin tafiyar.